Gida bai gusa ba, adireshi ya sauya: binciken kuskuren manuni a taskar lissafin sirri ta manhajar tushe

0. Gabatarwa

A ranar 8 ga Agusta 2011, doka mai lamba 2011-22 ta ƙara yawan gundumomin Nijar daga 36 zuwa 63. A ƙasar Arewa, Tibiri ta fita daga gundumar Dogondutsi, ta tafi da Gesheme da Dumega da Kore Mairuwa, Sukukutane da Matankari kuwa suka zauna inda suke. Babu gidan da ya gusa ko taku ɗaya, babu rijiyar da ta canza wuri. Duk da haka, mutumin Sukukutane da ya rubuta adireshin ɗan uwansa na Kore Mairuwa kafin wannan rana, yana riƙe da rubutun da ya daina zama daidai. Hukuma ta gyara rajistocinta, domin ta san inda suke. Takardar da ke cikin aljihun mutum kuwa, sai shi da kansa ya gyara ta.

Mun fara da wannan misali ne saboda irin wannan sauyi yana faruwa a cikin kwamfuta duk lokacin da aka kunna ta. Bambancin shi ne, mai raba wasiƙu ya san gari, yana iya kai saƙo ko da adireshin ya tsufa. Furosesa kuwa ba ta da wannan hankali, lambar da aka ba ta ita take bi. A cikin wannan takarda za mu bayyana yadda sauyin yake, da dalilin da ya sa taskokin lissafin sirri irin su OpenSSL suka fi sauran manhajoji cutuwa da shi, sa'annan mu nuna hanyar da mai bincike zai bi ya gano inda kuskuren yake. Mun rubuta ta domin ɗalibai da ma'aikatan da suka san harshen C amma ba su taɓa shiga cikin manhajar tushe ba.

1. Manhajar tushe da hidimominta iri biyu

Manhajar tushe ita ce wadda ke ajiye a cikin ɗan ƙwayar da ke manne da allon kwamfuta, ita ke fara aiki kafin Windows ko Linux, waɗanda za mu riƙa kira babbar manhaja. Kamfanin Intel ne ya fara tsarin EFI a ƙarshen shekarun 1990, a 2005 aka kafa ƙungiyar UEFI da ta gaje shi, a 2006 ta fitar da ƙa'idar UEFI 2.0. Buɗaɗɗen aikin da ake kira EDK II, na shirin TianoCore, shi ne ginshiƙin da akasarin masu ƙera manhajar tushe ke ɗora nasu a kai, kuma da shi za mu riƙa misali.

Ƙa'idar UEFI ta raba hidimomi gida biyu. Akwai hidimomin tashi, kamar karanta faifai da yankar fili a ma'adana (abin da Faransanci ke kira mémoire vive). Waɗannan suna mutuwa da zarar babbar manhaja ta kira ExitBootServices, kuma filin da suka zauna ya zama nata, tana iya zuba abin da ta ga dama a ciki. Akwai kuma hidimomin bayan tashi, kamar GetTime mai faɗin lokaci, da ResetSystem mai sake kunna na'ura, da GetVariable da SetVariable masu karantawa da rubuta ajiyoyin da ba sa gogewa in an kashe wuta. Direban da ke ba da irin waɗannan hidimomi shi muke kira mazaunin direba, domin yana zaune a ma'adana har a kashe na'ura.

Me ya kawo lissafin sirri a nan? Tun ƙa'idar UEFI 2.3.1 ta 2011 akwai tsarin Secure Boot, wanda ya bazu tare da Windows 8 a 2012. Tsarin ya dogara ga ajiyoyi huɗu: PK, da KEK, da db mai jerin waɗanda aka amince da su, da dbx mai jerin waɗanda aka soke. Ba a rubuta sabon abu a cikinsu sai da sa hannu na tsarin PKCS#7, kuma manhajar tushe ce ke tantance sa hannun. Sabuntawar tana zuwa ne sau da yawa daga cikin babbar manhaja, wato bayan tashi. Haka aka yi bayan raunin BootHole da aka bayyana a GRUB2 a Yuli 2020, haka kuma bayan mugunyar manhajar BlackLotus a 2023. Takardun shaidar da Microsoft ta fitar a 2011 ma wa'adinsu Yuni da Oktoba 2026 ne, magadansu na 2023 kuwa ta wannan ƙofa suke shiga. Kenan in tantancewar bayan tashi ta lalace, na'urar da ke ofishin magajin gari ko a ɗakin shan magani za ta ci gaba da amincewa da abin da duniya ta riga ta soke, ko kuma ta tsaya cik a tsakiyar sabuntawa.

2. Yadda adireshi ke sauyawa

A lokacin tashi, kowane adireshi na asali ne: lambar da direba ya riƙe ita ce ainihin wurin a cikin ma'adana. Babbar manhaja kuwa tana aiki da adireshin aro. Tana raba ma'adana shafi-shafi, kowane shafi bayit 4096, ta kafa jadawalin da ke cewa adireshin aro kaza yana nufin shafin asali kaza. Domin ta iya kiran mazaunan direbobi daga cikin nata tsari, sai ta kira SetVirtualAddressMap, ta miƙa wa manhajar tushe taswirar da ke ba kowane yanki mai alamar EFI_MEMORY_RUNTIME sabon adireshi. Sau ɗaya tak ake wannan kira a kowane kunnawa.

A EDK II, abubuwa uku ke biyo baya a jere. Da farko ana sanar da duk direban da ya yi rajistar jin labarin sauyin, a nan ne yake da damar kiran ConvertPointer domin ya juya manunansa (manuni shi ne pointeur, wato wurin da aka ajiye adireshin wani wuri). Na biyu, manhajar tushe tana bin jerin gyare-gyaren da ke cikin fayil ɗin kowane mazaunin direba, mai tsarin PE/COFF, tana ƙara wa kowane manuni tazarar da ke tsakanin tsohon adireshi da sabo. Na uku, tana juya manunan da ke cikin teburin hidimomin bayan tashi.

Mataki na biyu yana da sharaɗin da ya kamata a riƙe. Jerin gyare-gyaren ya ƙunshi manunan da aka san da su tun ranar da aka harhaɗa direban. Kuma ko a cikinsu, ana gyara manuni ne kawai in ƙimarsa tana nan yadda aka bar ta lokacin lodi. In direba ya rubuta wata ƙima a kai, ana tsallake shi. Wannan shi ne rajistar hukuma a misalinmu. Duk manunin da aka rubuta yayin da direba ke gudana, takardar aljihu ce, babu mai gyara ta sai mai ita.

3. Dalilin da ya sa taskar lissafin sirri ta fi cutuwa

OpenSSL ta fito a Disamba 1998, an kuma rubuta ta domin manhajojin da adireshinsu ba ya taɓa sauyawa daga farawa har gamawa. Halayenta uku ne ke jawo matsala a mazaunin direba.

Na farko, tana neman fili a kai a kai da malloc. In an haɗa direba da nau'in taskar da aka yi domin lokacin tashi, malloc zai koma ga AllocatePool, wanda hidimar tashi ce. Bayan ExitBootServices, kiran zai bi manunin gBS zuwa wurin da babbar manhaja ta riga ta mallaka. Shi ya sa EDK II ya tanadi nau'i na musamman, RuntimeCryptLib, wanda ke yankar fili ɗaya irin na bayan tashi tun da wuri, ya riƙa rabawa daga ciki a gutsure na bayit 512.

Na biyu, tana aiki da teburan manunan ayyuka. Hanyar SHA-256, alal misali, tsari ne mai ɗauke da adireshin aikin farawa da na ƙarawa da na rufewa. In teburin ƙayyadadde ne tun lokacin harhaɗawa, jerin gyare-gyare zai kula da shi. In kuwa an kwafe shi zuwa filin da malloc ya bayar, kwafin ya fita daga rajista. OpenSSL 3.0, wadda ta fito a Satumba 2021, EDK II kuma ya koma kanta a 2023, ta ƙara yawan irin wannan, domin tana gina ma'ajiyar hanyoyin lissafi ne yayin gudana.

Na uku, kuma shi ya fi wahalar ganewa, tana jinkirta shirinta har zuwa kira na farko. In kiran farko ya faru kafin sauyi, misali an tantance wani sa hannu a lokacin tashi, teburan cikinta za su cika da adireshin asali. In kiran farko ya faru bayan sauyi, za su cika da adireshin aro, komai ya tafi daidai. Direba ɗaya kenan, na'ura ɗaya, yau ta yi aiki gobe ta faɗi, gwargwadon abin da ya wakana kafin babbar manhaja ta karɓi ragama. Mai rabon fili na RuntimeCryptLib yana juya manunansa biyu, na teburin rabo da na farkon filin, amma bai san abin da OpenSSL ta rubuta a cikin gutsuren da ya ba ta ba.

Ya kamata mu ƙara da cewa akasarin kwamfutocin kasuwa masu furosesar x86 suna tantance sa hannu ne a cikin yanayin SMM, inda adireshi ba ya sauyawa. Matsalar ta fi bayyana a ginin da ba shi da wannan mafaka, kamar OVMF da aka harhaɗa ba tare da SMM ba, da ArmVirtQemu, da ƙananan alluna na ARM. Su ne kuwa kayan da ɗalibi ya fi samun damar taɓawa.

4. Alamomi

Kuskuren yana da fuska biyu. Wani lokaci tsohon adireshin ba ya nufin komai a jadawalin babbar manhaja, sai furosesa ta tayar da kuskuren shafi, mai lamba 14 a x86. Wannan shi ne mai sauƙi, domin ya yi ƙara. Tun Linux 4.20 na 2018, a kan x86, in haka ta faru a cikin hidimar bayan tashi, ana rubuta gargaɗi a kuma rufe hidimomin EFI har zuwa kunnawa ta gaba, maimakon na'urar duka ta faɗi.

Wani lokaci kuma tsohon adireshin yana nufin wani wuri mai rai, amma na wani. Mun san Tibiri biyu ne, ta Arewa da ta Gobir a jahar Maradi. Wasiƙar da ta sauka a wadda ba ita ba an karɓe ta, sai dai ba mai ita ya karɓa ba. A nan direba zai karanta shara ya ɗauke ta mabuɗi, SetVariable ta mayar da EFI_SECURITY_VIOLATION alhali sa hannun ingantacce ne. Mafi muni, ya rubuta a kan bayanan babbar manhaja, ɓarnar ta fito bayan sa'o'i a wani wuri dabam.

Akwai kuma tarkon da ke yaudarar mai gwaji. Masu Linux sun daɗe suna cin karo da manhajojin tushe masu wannan lahani, don haka suka yi musu rangwame. Tun 2011 Linux ba ya taɓa filin hidimomin tashi sai an gama SetVirtualAddressMap. Tun Linux 3.14 na 2014 kuma, a kan x86-64, yankunan bayan tashi suna samun adireshin aro a can sama, tsakanin 0xFFFFFFEF00000000 da 0xFFFFFFFF00000000, tare da barin tsohon adireshinsu na asali yana aiki a jadawalin EFI. Saboda haka manunin da ba a juya ba yana iya wucewa lami lafiya a Linux na x86-64, ya faɗi a wata babbar manhaja. Wucewar gwaji ɗaya ba shaidar lafiya ba ce.

5. Hanyar bincike

Matakin farko shi ne a kawo kuskuren inda za a iya kallonsa. QEMU tare da OVMF na gwaji yana fitar da saƙonni ta ƙofa mai lamba 0x402, a ciki akwai adireshin da aka loda kowane direba. Sai a kunna Linux da zaɓin efi=debug domin ya buga taswirar ma'adana: kowane yanki da nau'insa da iyakokinsa. A kiyaye da hanyar buga saƙo ita kanta. Ƙofar siriyal ta x86, 0x3F8, ba ta bin jadawalin shafuka, don haka tana aiki kafin sauyi da bayansa. Ta ARM kuwa, irin su PL011, adireshi ce a ma'adana. In ba a juya shi ba, saƙon bincike zai haifi nasa kuskuren.

Mataki na biyu shi ne karanta lambobi biyu. A x86-64, rajistar RIP tana faɗin umarnin da ke gudana, CR2 tana faɗin adireshin da aka nema aka rasa. Ga misalin da muka ƙirƙira domin bayani. A ce direba ya samu adireshin aro 0xFFFFFFFEFE8A0000, RIP ta nuna 0xFFFFFFFEFE8B1234, CR2 ta nuna 0x7D5C3010. In mun ɗebe na farko daga na biyu, saura 0x11234. Da wannan tazara da fayil ɗin alamomin direban, gdb zai faɗa mana sunan aikin da layinsa. CR2 kuwa ƙaramar lamba ce, ƙasa da gigabayit 2, alhali direban yana gudana a can sama. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa tsohon adireshi ne.

Mataki na uku shi ne a nemi CR2 a cikin taswira, domin nau'in yankin da ta faɗa shi ke faɗin irin cutar:

(a) In ta faɗa a yankin bayanan tashi, an yanki filin ne da AllocatePool, ko an riƙe manuni zuwa abin da wani direban tashi ya mallaka. ConvertPointer ba ya maganin wannan, EFI_NOT_FOUND zai mayar, domin yankin ba shi da sabon adireshi.

(b) In ta faɗa a yankin bayanan bayan tashi, filin daidai ne, juyawa aka manta.

(c) In RIP da CR2 lamba ɗaya ce, ƙarama, an yi tsalle ne ta manunin aiki wanda ba a juya ba. A duba teburan da aka kwafe, a duba gBS, a duba gRT, wanda shi ma ba ya juya kansa. UefiRuntimeLib ce ke riƙe kwafin da aka juya.

(d) In CR2 tana dab da ƙimar RSP, matsalar ba ta manuni ba ce. Ƙa'idar UEFI ta yi wa hidimomin tashi na x64 alkawarin kilobayit 128 na jibgar kira, na bayan tashi kuwa kilobayit 4 kacal, lissafin sirri kuma yana cin jibga sosai.

Mataki na huɗu shi ne tabbatarwa. A gudanar da gwaji sau biyu: sau ɗaya a tantance sa hannu kafin ExitBootServices sa'annan a sake bayan tashi, sau ɗaya kuma a bar kiran farko sai bayan tashi. In na farko ya faɗi na biyu ya wuce, jinkirtaccen shirin taskar ne. A kan ARM, zaɓin efi=novamap yana hana Linux kiran SetVirtualAddressMap gaba ɗaya; in kuskure ya ɓace da shi, an san daga sauyin adireshi yake. Wata dabara mai amfani ita ce, a lokacin sanarwar sauyi, a bi filin rabo bayit takwas-takwas, a buga duk ƙimar da ta yi kama da adireshi a cikin direban ko a cikin filin kansa. Jerin da zai fito shi ne takardun aljihun da ba a gyara ba.

6. Magani

Hanya ta farko ita ce juya kowane manuni da hannu. Tana da ƙa'ida: lokacin sanarwa ana nan a kan adireshin asali, don haka manunin da aka riga aka juya ba ya biyuwa. Dole a fara da na ciki a ƙare da na waje, kamar mai rufe ɗakuna kafin ya rufe zaure. Haka RuntimeCryptLib ke yi, yana juya manunin farkon fili kafin na teburin da ke ɗauke da shi. A kuma duba amsar kowane kira, domin manunin da babu komai a cikinsa yana buƙatar alamar EFI_OPTIONAL_PTR. Hanyar tana isa ga direba ƙarami. Ga OpenSSL kuwa, tsare-tsarenta a rufe suke, suna kuma sauyawa daga fitowa zuwa fitowa; wanda ya lissafa su yau zai sake lissafi gobe.

Hanya ta biyu, wadda muka fi ba da shawara, ita ce kada taskar ta ƙetare sauyin da kaya a hannu. Kowane kira ya gina abin da yake buƙata, ya tantance, ya saki kome kafin ya dawo. Abin da ya zama dole a riƙe, kamar takardar shaida, a riƙe shi a matsayin jerin bayit tsantsa na tsarin DER, wanda babu manuni a cikinsa, a sake warware shi a kowane kira. Akwai ɗan jinkiri, amma rubuta ajiya mai sa hannu abu ne da ba ya faruwa sai jefi-jefi.

Hanya ta uku ita ce fitar da lissafin daga mazaunin direba gaba ɗaya, a kai shi SMM a x86, ko StandaloneMm a ARM, direban ya zama ɗan aike kawai. Wannan yana kuma kare mabuɗai daga babbar manhajar da aka lalata. EDK II ya buɗe ƙofa ga Mbed TLS, wadda ta fi OpenSSL ƙanƙanta, amma canza taska ba ya ɗauke wa mai gini nauyin tambayar inda take ajiye manunanta.

7. Kammalawa

Mun ga cewa manhajar tushe tana gyara manunan da aka sani tun ranar harhaɗawa, sauran kuwa nauyin mai direba ne, kuma taskar lissafin sirri tana ɓoye da yawa daga cikinsu. Mun ga kuma cewa lambobi biyu da taswira ɗaya sun isa su rarrabe cututtuka huɗu masu kama da juna. Kayan aikin duka kyauta ne: QEMU da OVMF da gdb suna gudana a kan kwamfuta ta talaka, a Yamai ko a Dogondutsi. Muna ba ɗalibanmu shawara su fara da direba mai manuni ɗaya, su ƙi juya shi da gangan, su karanta CR2 da idonsu, kafin su tunkari OpenSSL. Kalmomin Hausa da muka yi amfani da su a nan, irin su manuni da adireshin aro da mazaunin direba, shawara ce muka kawo, muna kuma jiran gyaran abokan aiki na sashen nazarin harsuna.